Daga Malanbil Zuwa Garu Da Tsohuwar Fijo: Jagorar Hanyar Bakin Kwara

Wanda ya riƙe Fijo 504 ta mahaifinsa, ko ya sayi tsohuwar Marsandi ya kashe mata kuɗi har ta dawo hayyacinta, ba ya rasa ranar da zagayen cikin gari zai ishe shi. Mota ce da aka ƙera don hanya, amma kullum daga gida sai wurin ɗaurin aure, sai bakin masallacin Juma'a. In kana cikin masu wannan ƙaiƙayi, kuma kana zaune a Kabi ko Sakkwato ko Dosso ko arewacin Benin, hanyar da zan nuna maka gajeriya ce. Ta tashi daga Malanbil, ta ƙetare kogin Sota, ta bi ta Garu, ta wuce Madekali har iyakar Najeriya ta wajen Illo. Mai sabuwar mota zai cinye ta cikin awa guda bai ga komai ba. Kai wuni guda za ka ba ta.

Malanbil gari ne da mota ta raina. Layin dogon da Faransawa suka shimfiɗa daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936 bai ƙara gaba ba, saboda haka duk kayan da za su Nijar sai a sauke su daga jirgin ƙasa a ɗora wa manyan motoci, su haura ta Kandi su iso bakin kogi. An gina gadar farko tsakanin Malanbil da Gaya a 1958, aka ƙara ta biyu tsakanin 1988 da 1989. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sukan sayi tsofaffin Fijo a ƙasashensu, su ratso Sahara ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, su gangaro Dosso da Gaya suna neman mai saye, wasu sai sun dangana da teku. Daga baya harkar ta juya, motocin Kwatano suka riƙa haurowa daga tashar jiragen ruwa. Ta gabas kuma ga na Kaduna, inda kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, alhali a Faransa an daɗe da mance ta. Amfanin wannan tarihi a gare ka shi ne, a wannan kusurwa da ƙasashe uku suka haɗu ba za ka rasa dattijon bakanike da ya san cikin kafireton Fijo da ido rufe ba, kuma ba za ka rasa gawar wata akori-kura a bayan gareji da za a ciro maka abin da ya karye ba. Shi ya sa mafi yawan abin da zan faɗa a kan Fijo ne. Mai Marsandi 200 ko 230 ta shekarun 1976 zuwa 1985, da mai tsohuwar Landiroba, su ma za su tsinci rabonsu.

Babbar hanyar da ta taso daga Kwatano, mai tsawon kilomita 730 da 'yan kai, ba ita nake kai ka ba. Ta tireloli ce da tankokin mai da motocin auduga. Ka bi ta don ka iso, da rana tsaka, ka ba manya hanya, shi ke nan.

Kafin a taɓa sifana, sai an yi maganar da ta fi komai nauyi. Arewacin Benin ba kamar da ba ne. Tun wajen 2021 'yan bindiga masu iƙirarin jihadi suka samu gindin zama a dajin W, kuma a watannin Janairu da Afrilu na 2025 sun kashe sojojin Benin da dama a can. Tsofaffin littattafan yawon buɗe ido za su ce ka karkata a Gene ka nufi Karimama, ko ka tsaya a Alfakwara ka ga giwaye. Kada ka bi wannan shawara. Duk abin da ke yamma da babbar hanya ka bar shi sai Allah Ya kawo sauƙi. Ta ɓangaren Najeriya ma an sha fama da Lakurawa a ƙananan hukumomin Kabi na bakin iyaka. Hanyar Garu tana gabas, cikin gonaki da garuruwa masu jama'a, amma wannan bai ɗauke maka tambaya ba. Ka tambayi direbobin tasha da daddare, ka sake tambaya da asuba, ka shaida wa 'yan sandan garin inda za ka da lokacin da za ka dawo. In mutanen wurin suka ce a dakata, ka dakata. Kuma ka tafi da ɗan gari a kujerar gaba, wanda ke jin Dandanci kuma aka san gidansu.

Gadar ma sai an tambaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai an rufe ta, kuma ko da Benin ta buɗe nata ɓangare a farkon 2024, Nijar ta bar nata a datse, mutane da kaya suka koma ƙetarewa a kwale-kwale. Kada ka tsara tafiyarka a kan cewa za ka haye da mota sai wanda ya ga gadar da idonsa a makon ya tabbatar maka.

Sai lokaci. Kogin Kwara a nan sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ta ruwan damina ce, ja wur da laka, wajen Agusta da Satumba, lokacin da fadama ke nutsewa, hanyoyin gona su zama taɓo. A Satumban 2018 ruwa ya karya wata gada a kan babbar hanya dab da Malanbil, manyan motoci suka yi ta jira a layi. Cika ta biyu ita ce taka. Ruwan da ya sauka a duwatsun Gini yakan ɓata watanni yana ratsa fadamun Mali, sai ya iso nan wajen Disamba zuwa Fabrairu, ya tarar ƙasa ta bushe, sanyi ya shigo. Kogi a cike, hanya a bushe, iska mai sanyi tana shiga lagireto: tsohuwar mota ba ta neman abin da ya wuce haka. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Fabrairu ke nan. Abin da kawai zai iya rage maka daɗi shi ne hazo, don ranar da buji ya sauka sosai ko tsallaken kogi ba za ka hanga ba, sai ka ɗaga tafiyar kwana ɗaya ko biyu. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi yakan haura digiri 40, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum ya azabtar da inji mai shekara arba'in a wannan yanayi ba.

Yanzu motar. Ka fara da ruwa, domin zafi ne ke kashe injin Fijo. Kansa na alminiyom ne a kan gangar ƙarfe, in ya tafasa sau ɗaya da kyau kan yakan lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Mako biyu kafin tafiya a ciro lagireto a kai wa masu wanki su buɗe shi su zare tsatsar da ta toshe hanyoyinsa. Zuba ruwa ta sama a ga ya fito ta ƙasa ba wanki ba ne. Ka matsa kowace robar ruwa da hannunka: wadda ta yi laushi kamar za ta narke da wadda ta ƙandare tana tsagewa duk a canza su. Murfin lagireto ma yana tsufa, kuma arha gare shi. Fanka ta Fijo 404 da ta 504 da yawa tana da wata dabara, ba ta kamawa sai inji ya yi zafi, lantarki ne ke haɗa ta. Ka bar motar a kunne a tsaye har allura ta hau, ka saurara ka ji ko ta kama. In ba ta kamawa, akwai kusoshi a jikinta da ake ɗaurewa ta riƙa juyawa kullum, kowane tsohon bakaniken Fijo ya san su. Inda nake saɓawa da yawancin masu gyara shi ne cire tamostat. Suna cire shi ne don a huta da ƙorafi, amma da asubar hunturu injin da ba shi da shi yakan daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya cika fulogi da baƙi. Lafiyayyen tamostat da tsabtataccen lagireto sun fi.

Bayan ruwa sai wuta. Sabon kwantak da kwandansa, a daidaita buɗin kwantak ɗin a kan milimita 0.4, na fulogi kuma 0.6. Tsofaffin da aka cire, in suna aiki, ka naɗe su a tsumma ka jefa a aljihun mota. Fulogin Fijo a can cikin rami suke, sifanar fulogi ta gama-gari ba ta kai musu, don haka ka tabbata doguwar tana cikin but. Matatar iska kuma, in irin mai baƙin mai a ƙasa ce, wadda aka fi sa wa motocin Afirka, a wanke ragarta da kananzir, a zubar da tsohon man da ya zama laka, a zuba sabo daidai layin da aka zana, kada a wuce shi.

Taya tana yaudara. Motar da ba ta yawan fita tayarta takan tsufa da zanenta cif. Ka duba gefenta, akwai lambobi huɗu a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na 2016, kuma duk kyan fuskarta ta gama aiki. Wadda ta haura shekara shida ko bakwai kada ka dogara da ita, har da safaya. Man birki in ya shekara biyu a zuƙe shi a sa sabo, a duba robobin birki na kusa da ƙafafu. A shiga ƙarƙashi a ɗaɗɗaure salansa, a duba shakazoba ko tana yoyo, a tabbata batir yana ɗaure da ƙarfensa, ba a ajiye kawai yake ba.

A but ka sa fambel biyu, robar lagireto ta sama da ta ƙasa, famfon fetur na ajiya, matatun fetur ƙanana na roba guda uku, fis-fis, waya mai laushi, galan na baƙin mai, jarkar ruwa mai lita 20 ban da na sha, jak da ɗan faffaɗan katako da zai zauna a kai cikin yashi, famfon taya na ƙafa, igiyar ja, da ƙaramin shebur. Ba su da nauyi, kuma kowannensu ya taɓa maido da wani gida.

Fetur ka sha shi a gidan mai a Malanbil. Tankin 504 yana cin lita 56, motar tana shan kamar lita 10 zuwa 12 a kilomita 100, saboda haka cikawa ɗaya ta ishe ka zuwa da dawowa har da ragi mai yawa. A bakin hanya za ka ga na kwalba a jere a kan tebur, wanda a Benin ake kira kpayo, yawancinsa daga Najeriya yake tsallakowa, ko da yake cire tallafin mai na Mayun 2023 ya rage masa arha. In dole ta sa ka saya, ka ɗaga kwalbar ka kalle ta ta hasken rana. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a gindi kamar ƙwallayen gilashi. Ka ɗiga kaɗan a bayan hannunka: fetur na gari nan take yake bushewa ya bar sanyi, wanda aka haɗa da kananzir yakan bar maiƙo. A zuba ta mazurari da ƙyalle mai tsabta a bakinsa, kuma ka ce wa yaron ya bar ɗan na gindin kwalbar, ka yafe.

Takardu: lasin tuƙi, takardar mallakar mota, inshora, shaidar duba lafiyar mota, katin shaida ko fasfo, da katin rigakafin shawara. Motar da ta shigo daga wata ƙasa tana buƙatar takardar izinin shiga ta ɗan lokaci daga duwan, da inshorar ƙetare iyaka ta ECOWAS, katin nan mai ruwan ƙasa da aka amince da shi a Kwatano a 1982. Tunda Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, mai lambar Nijar ya tambayi kamfanin inshorarsa abin da ake karɓa yanzu. Abin da ya fi kama masu tsofaffin motoci shi ne lambar shasi. Ka nemo ta tun a gida, ka goge tsatsa da fenti har ta karantu, ka gwada ta da ta takarda harafi bayan harafi. In an taɓa canza inji, ka riƙe rasiɗin. Alwatikan gargaɗi da tukunyar kashe gobara da akwatin magani su kasance inda hannu zai kai ba sai an sauke kaya ba.

Ka zaɓi ranar da ba ta kasuwa ba. Kasuwar Malanbil, wadda ake cewa a duk Benin Dantokpa ta Kwatano ce kawai ta fi ta, tana ci ne a ƙarshen mako, kuma a waɗannan kwanaki hanyar Garu ta masu albasa da shinkafa ce, da amalanke da babura masu ɗauke da buhu uku-uku. Talata ko Laraba ta fi. Ka tashi bayan sallar asuba da zarar gari ya waye sosai, ka bar inji ya yi minti biyar yana ɗumi. Ka fita kudu kaɗan a kan babbar hanya zuwa Bojekali, nan hanyar gabas ta rabu.

Da ka bar tireloli a baya sai ka ji motar ta saki jiki. Ka sa giya ta huɗu, ka tsaya tsakanin kilomita 40 da 50, ka sauke gilashi. Abin da Fijo ta yi suna da shi, wato dogayen sifirin masu laushi da kujera mai nutsewa, a irin wannan gudu ake jin daɗinsa. Da wannan ƙafa ce 404 ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka sau huɗu a shekarun 1960, 504 kuma ta ci a 1975, amma kai ba tsere ka zo ba. Wurin tsayawa na farko shi ne Sota, kogin da ya taso daga can kudu ta ƙasar Bargu ya zo ya faɗa Kwara a ƙasan Malanbil. Kada ka tsaya a kan gadar. Ka wuce ta, ka sami inda kafaɗar hanya take da ƙarfi, ka sauka ka dawo da ƙafa. Da sassafe za ka tarar da masunta suna duba komarsu, zalɓe yana tsaye a gefen ruwa, balbelu sun bi shanun da Fulani suka kawo shayarwa.

Daga nan ƙasar ta buɗe. Ta hannun hagu fadama ce shimfiɗe har bakin Kwara, ta dama tudu ne mai karan gero da dawa da aka girbe, da kuka da gawo jefi-jefi. Gawo a wannan lokaci yake da ganye, sauran itatuwa suna zubarwa. Abin kallo na gaske a yankin Garu shi ne albasa. A watan Disamba da Janairu an gama dashe, fadama ta zama fangali-fangali, kowane ɗan murabba'i da bakinsa na ƙasa. Ka ajiye mota a tudu ka taka zuwa wurin mai ban ruwa. Ɗan injinsa yana tatata a bakin rijiya ko rafi, ruwa na bin doguwar roba ya faɗo a babbar kwata. Shi kuma yana tsaye da fartanya, wando a naɗe har gwiwa. Sara ɗaya zai buɗe bakin fangali, ya tsaya yana kallo ruwa na shiga a hankali yana zagaye kowane tushe, ƙasa tana shanyewa tana yin baƙi. Kafin ya kai baki sai ya ɗebi laka da fartanyar ya toshe, ya buɗe na gaba. Ba ya gaggawa, ba ya kuma tsayawa. Ƙanshin ɗanyar albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin injin duk suna haɗuwa a iskar safiya. Wannan albasa ce za ta cika buhuna daga Fabrairu, ta gangara har Kwatano.

In ka shiga Garu ka rage gudu tun kafin gidan farko, don yara da awaki ba sa jiran oda, kuma ƙurar da ka tayar a kan tuwon wani take sauka. Ka nemi inuwa kusa da inda dattawa ke zama, ka kashe mota, ka je ka gaisa kafin ka fito da waya. Dandanci ne harshen wurin, amma Hausa tana ci, kuma "fofo" ɗaya daga bakinka za ta buɗe fuskoki. "Salamu alaikum, Baba, mun same ku lafiya? Baƙi ne mu, mun zo ganin gari da bakin ruwa, in an ba mu izini." Amsar da aka saba ji ita ce, "Maraba da ku, ɗana, ku zauna ku sha ruwa tukuna." Ka zauna ɗin. Ka riƙo goro ko dabino tun daga Malanbil. A irin wannan zama ne za a gaya maka wace hanyar gona ce ta bushe, wacce ce har yanzu take da taɓo a ƙarƙashin ɓawon da ya yi kama da busasshe, kuma sau da yawa a nan wani tsohon direba zai taso ya zagaya motar, ya ce a buɗe masa bonet. Ka buɗe masa.

Sauka zuwa bakin kogi shi ne inda ake gane direba. Hanyoyin da suka rabu da babbar ba a yi su don mota ba, amalanke da babur ne suka fitar da su. In ka ga yashi a gaba, ka tsaya a kan ƙasa mai tauri ka taka shi da ƙafa tukuna. In gajere ne, ka sa giya ta biyu tun kafin ka shiga, ka riƙe totur daidai, kada ka canza giya a ciki, kada ka murɗa sitiyari da ƙarfi. In mai tsawo ne, ka rage iskar taya kamar kashi ɗaya cikin uku, ka mayar da famfo da zarar ka fita. Mota in ta tsaya ƙafafun baya suka fara haƙa, ka ɗaga ƙafarka nan take. Kowane juyi na banza ƙara binne ta yake yi. A share yashin gaban taya da shebur, a shimfiɗa karan dawa ko tabarmar ƙafa, a koma da baya ta sawun da aka shigo. Wurin da ruwa ya kwanta kuwa, in ya kai tsakiyar ƙafar mota ko ƙasansa laka ce mai riƙe takalmi, ka bar motar nan ka ƙarasa da ƙafa. In ka ratsa marar zurfi, ka yi ta taɓa birki a hankali na ɗan lokaci har ya bushe. A kan gargada za ka ji masu cewa a taka da gudu mota ta tashi a kan tudun. Gaskiya ne jijjiga takan ragu, amma birki da sitiyari ma sukan ragu tare da ita, kuma kusoshin tsohuwar mota ba sa yafewa. Kilomita 20 zuwa 30 ya isa.

A bakin ruwa, abin da kake hange a tsallake Nijar ce. Kotun Duniya ta raba wannan yanki na kogin a ranar 12 ga Yuli 2005, ta bi mafi zurfin hanyar ruwa, ta ba Nijar tsibirai 16 har da Lete da aka daɗe ana jayayya a kansa, ta ba Benin 9. Saboda haka in mai kwale-kwale ya ce zai zagaya da kai, ku tsaya kusa da gaɓar da kuka taso, kada sha'awar wani tsibiri ta kai ka wata ƙasa ba takarda. Ka kuma saurare shi game da dorina. Hoto ka ɗauki na kogi da gona da motarka yadda kake so, na mutane sai da izininsu. Gada, shingen jami'ai, sojoji, da duk abin da ya shafi bututun man da ya taso daga Agadem ya ratsa yankin zuwa teku, waɗannan ko wayarka kada ka ɗaga ta wajensu.

Idan allurar zafi ta fara hawa a hanya, kada ka jira ta kai ja. Ka sauka gefe, ka buɗe bonet. In fambel yana nan kuma ba ruwan da ke zuba, ka bar injin yana juyawa a hankali, ka kunna hita in tana aiki, za ka ga allura ta sauko. In bel ya tsinke ko tururi na fita, ka kashe nan da nan. Kada ka taɓa murfin lagireto sai bayan rabin awa, da tsumma mai kauri, fuskarka a kauce. Ruwa kuma a hankali ake ƙara shi, inji a kunne, don ruwan sanyi a kan kai mai zafi yana iya tsaga shi. Wata matsalar ta tsakar rana ita ce mota ta mutu bayan an ɗan tsaya, ta ƙi tashi, alhali wuta lafiya lau. Sau da yawa fetur ne ya zama tururi a cikin famfo. Jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon da bututunsa na minti goma yakan warware ta. In tana shaƙewa ne duk lokacin da ka taka, ka fara da ƙaramar matatar fetur, ka canza ta, sannan a buɗe jet a hura shi da baki ko da famfon taya. Kada a zura masa waya, ramin zai faɗaɗa ta koma shan mai har abada.

Daga Garu zuwa Madekali tafiya kaɗan ce, ƙasar iri ɗaya, sai dai Hausa tana ƙara yawa a kunne, naira kuma tana fara yawo tare da sefa. In ba ka da niyyar ƙetarewa, ka juya tun kafin shingen iyaka, ka ci soyayyen kifi inda ka ga ana sauke shi daga kasko, ka yi azahar, ka bar rana ta ɗan karya. Ka kama hanyar dawowa da la'asar sakaliya. Rana za ta kasance a fuskarka, saboda haka ka wanke gilashin gaba ciki da waje kafin ka tashi, kuma ka sa ran garken shanu masu komawa gida. Lallai magariba ta same ka a Malanbil. Fitilar tsohuwar mota ba ta isa ta nuna maka amalanken da ba shi da ko ƙyalli ba, kuma dare a wannan yanki yanzu ba na baƙo ba ne.

Wanda ya ɗanɗana wannan yakan nemi ƙari. Ranar da gada ta buɗe kuma hanya ta yi lafiya, tsallaken Gaya yana da nasa: tuddai masu jan dutse da ke kallon kogi, dazuzzukan giginya na Dallol Mawuri inda ake tono muruci, da masu dafa gishiri a kwarin Foga. Ta Najeriya kuma akwai hanyar Kamba zuwa Birnin Kabi da Argungu, garin gidan tarihin Kanta da bikin kamun kifin da aka fara a 1934, wanda har tseren motoci an sha haɗawa da shi. Kowaccensu sai an yi mata irin tambayar da aka yi wa ta Garu.

Washegari, kafin ka kama doguwar hanyar gida, ka ba motar awa ɗaya inji a sanyaye. Ka duba ruwa da baƙin mai, ka kalli ƙarƙashin murfin man ko akwai wani farin kumfa mai kama da madara, alamar gaskit ya fara sallamawa. Ka sake wanke matatar iska, don ƙurar wuni ɗaya ta hunturu ta fi ta wata guda a gari. Ka bi kusoshin ƙafafu da na salansa da na batir da sifana, ka gwada iskar taya huɗu da safaya, ka sa a watsa ruwa a ƙarƙashi a fitar da lakar fadama daga cikin mudgad, inda tsatsa ta fi fara cin 504. Ƙaramar matatar fetur kuma, ko da ba ta toshe ba, ka cire ta ka sa sabuwa.